Ranar da Madar Ta Ce wa Kyaftin A'a

Ku da kuke ta rubuto mini wai na yi shiru ina jan aji, to ga ni. Ba jan aji ba ne. Abin da ya faru ranar Asabar ne ya sa ko waya ba na son ɗauka. Kuma tun yanzu in gaya muku, labarin nan akwai mai laifi a cikinsa, amma ba wadda za ku fara zargi ba ce.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Shukufa, shekarata ashirin da uku. Ni da mahaifiyata Zarmina, da nake kira Madar, muna zaune a hawa na biyu na wani dogon gini a Sacramento. In ka cire mai gyaran famfo, kowa a ginin nan ɗan Kabul ne ko Mazar ko Kandahar, don haka in ka yi atishawa a hawa na ɗaya, a hawa na uku za a ce maka yarhamukallah. Yayana, Lala Nemat, shekara huɗu ya yi yana yi wa sojojin Amurka tafinta. Ranar da Kabul ta watse, shi ya tura mu ta ƙofar filin jirgi da ƙirjinsa, sannan ya juya ya koma, saboda matarsa Palwasha tana kan gwiwa. Tun ranar yake ɓuya gida-gida da ita da 'yarsu, don sababbin masu mulki suna farautar duk wanda ya yi wa Amurka aiki. Abu ɗaya ya rage a takardunsa na biza: wasiƙa daga hannun jami'in da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Kuma an ba shi zuwa ranar Litinin, in babu ita a rufe maganarsa.

Wata bakwai muna neman wannan jami'i, Kyaftin Kessler. Wanda ya samo shi kuwa Baktash ne.

Baktash shi ma tsohon tafinta ne, yanzu yana wankin motoci da rana, da yamma kuma yana taya wasu tsofaffin sojoji cike wa mutanenmu takardu. Kwat ɗaya gare shi, kunnuwansa kuma sun ɗan yi gaba da kansa. Yana da wata cuta guda: ba ya canja ko kalma ɗaya in yana fassara. An ce akwai ranar da wani dattijon ƙauye ya zagi wani kanar, ya zagi uwarsa da jakin uwarsa, Baktash ya isar da saƙon har da jakin. Ni dai ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Madar ce kaɗai ba ta sani ba, ko kuma ta sani tana yi kamar ba ta sani ba, wanda ya fi muni.

Mahaifiyarsa, Khala Torpekai, ta zo neman aurena sau biyu, sau biyu Madar tana ce mata, "Yarinya ce ƙarama, ko shayi ba ta iya dafawa ba." Ni da nake dafa wa gidan nan abinci tun ina 'yar sha biyu! Amma haka ake yi. Uwa ba ta cewa eh a zuwan farko, sai ka ce tana neman kai da 'yarta. Madar ta riga ta shirya farantin amsa: alewar almon fal, an lulluɓe da koren hankici mai aikin zare, ta ɗora shi a saman firij. Ranar da aka miƙa wa dangin miji farantin nan, magana ta ƙare, an ba da yarinya. Sai dai Madar ta ce sai zuwa na biyar.

"Dangin babanki sau bakwai suka zo," in ji ta. "Kakarki ta wajen uba sai da takalminta ya huje. Ni rangwame na yi musu."

To, Khala Torpekai ta aiko cewa ranar Asabar za ta yi zuwa na uku. Shi kuma Kyaftin, wanda Baktash ya gano a wani ƙauye mai tafiyar awa huɗu yana kiwon awaki, ya ce ba shi da rana sai Asabar ɗin.

Na ce, "Madar, a ɗaga wa Khala ranarta mana."

Ta kalle ni kamar na ce a zubar da shinkafa. "In ce wa baƙuwa kada ta zo? Falo ɗaya ne, shayi ɗaya ne, kowa ya zauna."

Matsalar ita ce wa zai yi tafinta. Ni Turancina na sayen tumatir ne, kuma yarinyar da ake neman aurenta ba ta zama a falo, kicin ne wurinta. Shi kuma mai nema bai kamata ya taka gidan ba sam. Madar ta yi kwana biyu tana juya maganar, sannan ta yanke hukunci: Baktash zai shigo, amma ba a matsayin mutum ba.

"Baki ne na aro," ta ce wa Khala a waya. "Abin da na faɗa ya faɗa, abin da Bature ya faɗa ya faɗa. In ya ƙara kalma ɗaya tasa a cikin gidana, to ku nemi wata."

Ranar Asabar tun safe muke aiki. Shinkafa da karas da zabibi, ƙullin nama na mantu tire biyu, burodin bolani har na daina ƙirgawa. An kakkaɓe jan kafet, an jera katifun zama a jikin bango. Madar ta yafa farin mayafinta na zuwa biki. Ni ta sa ni saka koriyar rigata mai ƙananan madubai a ƙirji, wadda ke ƙara in na motsa, don a gan ni minti ɗaya in na kawo shayi.

Na rubuta wa Lala: "Yau Kyaftin zai zo."

Ya amsa: "Allah ya sa. Ki ce wa Madar lafiyarmu ƙalau."

Kullum haka yake cewa. Ko da ana ruwan wuta a kansa, lafiyarsu ƙalau.

Ƙarfe uku Khala Torpekai ta iso da ɗanta, yana cikin kwat ɗin nan, idonsa a ƙasa. Uku da rabi muka ji wata tsohuwar a-kori-kura tana tari a wurin ajiye motoci. Na leƙa ta labule. Ƙaton mutum ne, jan fuska, farin gashi, ya haura sittin. Da ya cire takalmi a bakin ƙofa, babban yatsansa ya leƙo ta safa. Da ya zo zama a katifa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har na ji daga kicin. Ƙamshin awaki kuwa ya riga shi shiga falon.

Na kai shayi, madubaina suna ta ƙyal-ƙyal, na koma bayan ƙofa na manna kunne.

Minti ashirin aka yi ana gaisuwa. Madar ta tambayi lafiyarsa, da ta iyalinsa, da ta awakin. Baktash ya isar. Aka shimfiɗa ledar abinci. Kyaftin ya ce ya gode, ya ci a hanya.

"Ya ce ya ƙoshi," in ji Baktash.

"Madalla, ɗan gidan mutunci ne," in ji Madar, ta tula masa shinkafa kamar za a binne wani abu a ciki.

Ya ce a'a, ta ƙara. Ya ɗaga hannu biyu, ta ɗora masa cinyar rago. Faranti huɗu bawan Allahn nan ya ci yana gumi, don duk a'ar da ya yi, Madar ladabi take ɗaukar ta. Da ya samu numfashi ya goge baki, ya gyara murya, ya yi magana a hankali.

Baktash ya ce, "Ya ce Nemat ya taɓa ceton ransa a kan hanyar Logar. Ya ce ya zo da kwamfutarsa, tana cikin mota. In kin yarda, yanzu zai rubuta wasiƙar ya sa hannu."

Jama'a, a bayan ƙofar nan sai da na durƙusa. Wata bakwai! Hawaye ya cika mini ido. Sai na ji muryar Madar, a sanyaye, irin wadda take yi wa manyan baƙi.

"Wace wasiƙa kuma? Haba. Mu ba don takarda muka kira ka ba, fuskarka muke son gani. Nemat lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha. Kada ka wahalar da hannunka."

Na leƙa ta tsagar ƙofa. Baktash ya zama kamar wanda ya haɗiyi cokali. Ya buɗe baki, ya kalli Madar, Khala Torpekai ta kai masa mintsini a cinya. Ya rufe ido, ya fassara. Duka. Har da "yana ci yana sha."

Wayata ta yi motsi. Ashe Baktash ya ɓoye tasa a ƙarƙashin gwiwa yana latsawa da yatsa ɗaya.

"Shukufa mun shiga uku."

"Ka yi masa bayani mana!"

"In na ƙara kalma na rasa ki."

"In ba ka ƙara ba na rasa yayana!"

"Zai sake tayi. Ya zauna a ƙasarmu. Dole ya san sai an yi tayi sau uku."

Kyaftin kuwa idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa ƙirji, ya yi doguwar magana.

"Ya ce ya gode wa Allah," in ji Baktash, muryarsa kamar ta mai karanta sanarwar rasuwa. "Ya ce shekara biyu ba ya iya barci saboda tunanin Nemat. Ya ce ya san wasu iyalan suna tsoron takarda mai sunan Ba'amurke, kuma yana girmama ra'ayinki. Ya ce yau kin sauke masa dutse daga ƙirji."

"Ba komai, ba komai," in ji Madar, tana murmushi, tana ƙara masa shayi. Na ga ta lanƙwasa yatsa ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Ƙirga take yi.

Daga nan fa aka shiga hirar awaki. Awaki goma sha tara gare shi, kowace da sunanta. Ya fito da hotuna. Khala Torpekai, da ta ga ana cinye mata rana, ta saƙa tata maganar a tsakiya: "'Yar'uwa, mun sake zuwa ƙofarki da ƙoƙon bararmu, ɗana bawanki ne." Madar ta ce yarinya ƙarama ce. Baktash, da yake an ce ya faɗi duk abin da aka faɗa, ya juya ya gaya wa Kyaftin da Turanci cewa shi bawa ne kuma an ƙi shi. Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri.

Biyar da rabi ya miƙe, wai sai ya tatsi awaki kafin duhu ya yi nisa. A bakin ƙofa, yana ɗaure takalmi, ya ɗago.

"Ya ce kin tabbata?" Baktash ya faɗa da ƙarfi, har da zaro ido. "Ya ce, kin tabbata, Khala-jan? Kin tabbata?"

"Sau ɗaya ya faɗa, me ya sa kake maimaitawa?" in ji Madar. Ta juya wajen baƙon. "Zuwanka kaɗai ya fi mana takarda dubu. Allah ya kiyaye hanya."

Yatsa na biyu ya lanƙwashe. Kyaftin ya sunkuyar da kai cikin girmamawa, ya juya, ya sauka. Muna jin takunsa, bam, bam, bam, har ƙasa.

Na faɗo falo. "Madar! Ya tafi!"

"Ke, koma ciki, akwai baƙi. Zai juyo. A matakala ake juyowa."

"Ya wuce matakala!"

"To a bakin mota. Mutumin da ya ci faranti huɗu ba zai tafi da tayi biyu ba. So kike in cafke daga buɗe bakinsa, ya koma ya ce wa matarsa uwar Nemat mabaraciya ce?"

Ta taga muka ga ya buɗe mota. Ya shiga. Ya ja ƙofa. Motar ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu. Na kalli fuskar Madar, na ga murmushin yana zamewa a hankali, yatsunta biyu har yanzu a lanƙwashe.

Ban san lokacin da na ruga kicin ba. A kaina abu ɗaya ne: budurwa ba ta bin namiji a guje hannu rabbana, amma in guzurin baƙo ta kai masa, babu mai magana. Na miƙa hannu na wawuri abin da ya fi kusa, na fice ba takalmi.

Na ji Khala Torpekai ta ƙwalla ƙara a bayana, ban tsaya ba. Na sauka matakala bibbiyu, rigar nan tana kaɗawa kamar an saki garken tumaki masu ƙararrawa. Motar ta fara ja da baya. Na sha gabanta, na buga gilashi, na haɗa duk Turancin da na mallaka na ce ya tsaya. Ya taka birki, ya fito a firgice. Na dangwara masa abin a hannu.

Sai a lokacin na ga koren hankici.

Yammacin Asabar ne, kowa yana barandarsa yana shan iska. Hawa uku na mata suka ga Shukufa 'yar Zarmina, cikin koriyar riga, ta miƙa wa wani tsohon Bature farantin amsa da hannunta. Sannan wata daga sama ta ce, "Mubarak!" Wata ta ɗauko tukunya ta fara kiɗa a gindinta. Na ga wayoyi sun ɗago. Kafin in ja numfashi na san labarin ya isa wajen danginmu a Hamburg.

Khala Torpekai ta iso ƙasa tana haki, ta ga farantin a hannun Kyaftin, ta zauna daɓas a kan kwalta.

"Sau uku!" take cewa. "Sau uku ina hawa benen nan da ciwon gwiwa! Shi zuwa ɗaya, da hujajjiyar safa!"

Kyaftin ya ɗaga hankicin, ya jefa alewa ɗaya a baki, ya ɗaga wa baranda hannu. Kiɗa ya ƙaru. Ya tambayi Baktash me suke cewa.

"Sun ce Allah ya sa ku tsufa tare da ita," in ji Baktash, fuskarsa kamar toka. "Sun ce Allah ya ba ku 'ya'ya bakwai."

"Baktash!" Ranar ce na fara kiran sunansa a gaban mutane. "A cikin gidanta Madar ta ce kada ka ƙara kalma. Nan wajen ajiye motoci ne. Ka buɗe bakinka ka yi magana kamar mutum!"

Ya kalli ƙasa, ya kalli ginin, kamar mai auna iyakar gona. Sai bakin ya ɓalle. Ban taɓa jin mutum yana zuba Turanci da gudu haka ba. Na ga fuskar Kyaftin tana canja launi, daga ja zuwa fari. Ya ce wani abu game da matarsa Doreen da shekara talatin da biyar na aurensu. Sannan ya tsaya cak ya yi wata tambaya.

"Ya ce wai duk a'ar nan eh ce?" Baktash ya juyo mini. "Ya ce shekara biyu ya yi a ƙasarmu, bai taɓa jin wani ya ƙi abin da ya ba shi ba. Ya ce kullum yana gaya wa mutane babu masu magana kai tsaye kamar mu."

A nan muka gane. Duk tsawon shekarun nan, Lala Nemat ne yake haɗiye a'a ta farko da ta biyu, ya ƙirƙiro tayi na biyu da na uku daga bakinsa, ya miƙa wa Kyaftin eh a wanke. Mutumin bai taɓa sanin ana yi ba.

Kyaftin ya ce shi yanzu bai san wa zai gaskata ba. Uwa ta ce lafiya, ƙanwa ta ce ba lafiya, kuma shi zai sa hannu ne a kan cewa ran mutum yana cikin haɗari. Sai ya ji daga bakin Nemat.

Na duba lokaci. Can asuba ta yi. Na kira ta bidiyo. Kyaftin ya rasa inda zai ajiye farantin don ya karɓi waya, sai kawai ya miƙa wa na kusa da shi.

Khala Torpekai ta miƙe tsaye kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba. "Yana hannun ɗana! Ku shaida! Hawa na uku, kun gani? Yana hannunsa!"

Baktash ya riƙe farantin da hannu biyu kamar jariri, kunnuwansa sun yi jawur. Ni kuwa ban samu damar jin kunya ba, don fuskar Lala ta fito.

Na daɗe ban gan shi ba, murya kawai yake turowa. Gemu ya cinye masa fuska, kumatunsa sun faɗa. A bayansa bango ne na ƙasa da buhunan albasa. Da ya ga Kyaftin ya yi ƙoƙarin miƙewa har kansa ya bugi rufi. Suka tsaya suna kallon juna. Kyaftin ya tambaye shi yaya yake, da gaske.

Wannan ko ni na ji Turancinsa. Lafiya ƙalau, yallaɓai. Komai daidai. Kada ka damu da mu.

Wallahi wani abu ya tsinke a kaina. Yayana ne, ya girme ni da shekara tara, ban taɓa ɗaga masa murya ba.

"Lala, ka daina! Don girman Allah ka daina! Mutumin nan bai san wasan ba, kai ka ɓoye masa. In ka ce lafiya, motarsa zai shiga ya tafi wajen awakinsa. Ka faɗi gaskiya sau ɗaya!"

Ya waiga gefe, inda nake jin 'yarsa tana ƙananan kuka. Da ya sake magana, da harshenmu ya yi, a hankali, Baktash yana bi yana fassarawa.

"Wannan ne gida na goma sha ɗaya. Shekaranjiya mutanen gwamnati sun tafi da mahaifin Palwasha, sun ce sai ya faɗi inda nake. Suna da hotona cikin kakin soja. Mai gidan nan ya ce mu tashi yau, yana da 'ya'ya. In an idar da salla za mu fita." Ya kalli Kyaftin. "Yallaɓai, ina tsoro. Ka taimake ni."

Ban san Madar tana tsaye a bayana ba sai da na ji numfashinta. Shekara biyu ana ce mata yana ci yana sha.

"Madar-jan," Lala ya ce, ya yi saurin gyara fuska. "Ba wani abu ba ne, kawai..."

"Yi mini shiru," in ji ta.

Ya juyo gare ni da sauri. "Shukufa, zan goge komai a wayar nan kafin mu fita, akwai shingen bincike biyu a hanya. Kada ki turo komai sai na yi miki magana." Hoton ya ɗauke.

Madar ta tako gaban Kyaftin. Ta sa hannu ta zare farin mayafinta, a gaban maza, a gaban hawa uku, furfurarta a waje, ta shimfiɗa shi a ƙafafunsa. Kiɗan tukunya ya tsaya. A wurinmu in mace ta yi haka, ko jini ne tsakanin gida biyu sai an ajiye bindiga.

Kyaftin ya ɗauka faɗuwa mayafin ya yi. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauka, ya kakkaɓe ƙurar, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Gaya masa," ta ce wa Baktash, muryarta tana karyewa. "Ka ce ni mabaraciya ce. Ka ce ya rubuta."

Ya rubuta. A kan murfin motar ya ɗora kwamfutar, yana bugawa da yatsu biyu, yana share hanci da bayan hannu. Aka nemo na'urar buga takarda a hawa na uku, ba tawada. Aka samo tawada a hawa na ɗaya, ba ta shiga na'urar. Aka aiki Baktash kanti, ya tafi da farantin a hannu don uwarsa ta hana shi ajiyewa. Kafin ya dawo, matan ginin sun cika falonmu, an kunna kiɗa, ana ta sumbatar kumatuna. Madar ta ce ita dai zuwa na biyar ta ce, amma tunda abin ya faru a gaban jama'a, ba za ta kunyata kowa ba. Aka zaunar da Kyaftin aka sake zuba masa shinkafa. Ya ce a'a sau ɗaya, ya tuna, ya saki hannunsa kawai.

Wajen bakwai da rabi ya sa hannu. Baktash ya ɗauki hoton takardar ya tura wa ofishin biza, ya turo mini ni ma. Na buɗe. Ga sunan yayana cikakke, ga shekarun da ya yi aiki, ga sunan sansanin, ga sa hannun Kyaftin da lambar wayarsa. Ana kiɗa, ana ja na in tashi rawa, an cusa mini alewa a baki. Baktash ya kalle ni daga can bakin ƙofa, karo na farko ido cikin ido, ya yi murmushi. Zuciyata ta cika har ta rasa inda za ta zuba. Wata bakwai ina mafarkin lokacin da zan nuna wa Lala takardar nan.

Na danna. Na tura masa. Har da rubuta "Ga ta, Lala!" a ƙasa.

Sai da ta tafi na tuna.

Na yi sauri in goge. Yatsuna suna santsi da sukari, na danna ba daidai ba, na sake. Kafin in kai, alamar ta nuna an buɗe. Na tsaya a tsakiyar falo, mata suna juyi a kewaye da ni. Na ce a raina, ya isa ne, ya isa lafiya, shi ya buɗe. A sama aka nuna ana rubutu. Aka tsaya. Aka ci gaba.

"Assalamu alaikum. Mun karanta takardar. Mai wayar yana tsaye a gabanmu da matarsa da yarinya. Ke mece ce a wurinsa?"

Madar ta matso, ta mayar da mayafinta, fuskarta tana haske kamar yadda ban gan ta ba tun muna Kabul. Ba ta iya karatu ba. Ta leƙa wayar ta kafaɗata, ta dafa ni.

"Shi ne ko? Ya gani? Karanta mini, 'yata, me ya ce?"